Da Sauƙi, In Ji Sabo

Hayaƙin ya bi ta wuyan duma ya shiga bakin Sabo, ya fito masa ta hanci, idanunsa suka cika da ruwa. Yana durƙushe a kan buhu a tsakiyar kasuwa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Dogo mai cire tsutsar haƙori ya dafe masa ƙeya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana barbaɗa waɗansu ƙananan ƙwayoyi a kan guntun galma da ya yi ja a wuta. Jama'a sun kewaye su. Hure, matar Sabo, tana can baya wajen masu daddawa, ta cusa gefen mayafi a baki, in ta tsaya nan sai ta koma can.

Dogo ya janye duman, ya ɗaga ƙwaryar ruwan da ya ajiye a ƙarƙashin ƙarfen, ya zagaya da ita kowa ya leƙa. Waɗansu abubuwa ne farare, sirara, a lanƙwashe, suna yawo a kan ruwan.

"Kun gani ko? Waccan mai kaurin ita ce uwar. Shekara uku tana cin tuwo tare da bawan Allahn nan, ko sannu ba ta taɓa ce masa ba."

Aka yi dariya, waɗansu suka yi salati. Da ƙwaryar ta iso gaban Hure sai ta dube su da kyau, ta kuwa gane su. Akwai gautan kura a bayan dangarta. Duk shekara in ta share wurin ta cinna wa ciyawar wuta, haka 'ya'yansa suke fashewa su fitar da ɗan farin zare mai kama da wutsiya. Ta buɗe baki, ta dubi mazan da suka cika wurin, ta mayar ta rufe.

Dogo ya tambayi Sabo yadda ya ji. Sabo ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, kuncinsa na dama a kumbure, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa.

"Da sauƙi," ya ce.

Shekara talatin da ɗaya Hure tana jin wannan amsa a bakinsa, har ta san ire-irenta kamar yadda ta san ire-iren wake. Akwai wadda yake faɗi yana kallon mutum, wannan gaskiya ce. Akwai wadda yake faɗi yana kallon ƙasa, wannan ciwon yana nan amma ana iya zama da shi. Akwai kuma wadda take fitowa da sauri tun mai tambaya bai rufe baki ba, kamar an turo ƙyaure. Irin wannan ya faɗi ranar da kububuwa ta sare shi a gonar gyaɗa, ƙafarsa ta koma kamar turmi. Irinta ya faɗi yau. Kuma ba shi kaɗai ba ne, haka duk aka tashe su. Mara lafiya ba ya mayar wa mai gaishe shi da mugun labari, ko da ana jiƙa masa leɓe da auduga ne.

* * *

Shekarun nan ne da aka ce kowa ya ɗaure ciki. Taki ya ɓace, kananzir ya zama abin da ake nema da magiya, sabulu ma sai a yanka shi gida huɗu. Gero dai Allah ya taimaka ya yi, ya nuna yana tsaye, daga bakin dangar gida har inda ido ya tsaya, gonar wannan manne da ta wancan, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Maƙwabta sun fara girbi. Gonar Sabo ce kawai ba a taɓa ba.

Shi kuwa ya kasa zama. Ya zagaya rumbu, ya je ya jingina kunci da randa don ya ji sanyi, ya fita zaure, ya dawo. Ya fara maganar haƙorin kamar wani baƙo da ya sauka a gidan. Wai haƙorin yana da kunne. Wai in ana daka a gida na uku, a cikinsa taɓaryar take sauka, in jaki ya yi kuka a bakin rijiya, shi yake fara ji kafin mai shi. Hure ta sa masa kanumfari, ta sa jar kanwa, ta sa tafarnuwa. Kumburin ya bar kunci ya fara gangarowa ƙarƙashin muƙamuƙi, tuwo ya gagara, aka koma kunu. Ranar da ta ji wani direba a zaure yana ba shi shawarar ya ɗiga ruwan batir a ramin haƙorin, sai ta ajiye tsintsiya ta aika aka kira 'yarsu Zulaihatu.

Zulaihatu ce ta zo da labarin wata mata a asibitin bakin titi, Sakinatu sunanta, mai cire haƙori. Wai tana yin allurar kashe zafi, bakin mutum ya mutu mus, a cire haƙori yana ta hira. Wai allurar ma kanta ba a jin shigarta.

Sabo ya ce allurar da ba a ji ai ba allura ba ce, a nemo wani labarin.

Kowa a ƙauyen ya san abin da ke tsakanin Sabo da allura. Mutum ne da ke shiga rijiya ya fito da akuya, ya kama maciji da hannu, amma in ya hango mai farar riga sai ya canza hanya. Yana ɗan shekara goma wani mai allura ya zo ƙauyen a kan keke, da akwati a baya, aka kawo ƙanensa Basiru yana zazzaɓi. Sabo aka sa ya danne masa ƙafafu. Allurar ta taɓa jijiya. Zazzaɓin ya tafi, ƙafar hagu ta bi shi, ta bushe ta zama kamar kara. Tun daga ranar Sabo yake ganin da hannunsa aka yi.

Hure ta yi magana ta gaji. Ta yi shiru ta gaji. Ranar Litinin da hantsi sai ga Basirun da kansa, yana jan ƙafa yana dogara sanda, ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon fuskar yayansa.

"Yaya, wai me kake tsoro ne? Kada allura ta shanye maka haƙori?"

Sabo ya kau da kai, Basiru ya ci gaba.

"Ni ƙafa nake so a bar mini, aka ɗauke. Kai haƙori kake so a ɗauke. To in ta shanye shi ba ta yi maka aiki ba ke nan? Da ni ne har tukwici zan ba ta."

Sabo ya so ya yi dariya, zafin ya hana, ya dafe kunci yana zagin Basiru ta cikin haƙora. Basiru ya bari ya gama, sannan ya ce a hankali, shi dai ba zai iya girbe gona biyu da ƙafa ɗaya ba. Sabo ya dubi sandar, ya dubi ƙasa. Can ya ce a gaya wa Iliyasu, mijin Zulaihatu, ya zo da babur gobe.

* * *

Iliyasu ya ɗauki surukinsa a babur, Hure ta bi motar da ke kai wake Dawanau, ta sauka a bakin titi. Ɗakin haƙori yana can ƙarshen baranda, da benci a ƙofarsa cike da mutane, kowa ya tallafe haɓa. A bango an liƙa hoton wani ƙaton haƙori mai saiwa uku, Hure ta ga kamar rogon da aka tuge. Ba magani a asibitin, ko auduga sai ta lallaɓa. Takarda aka ba Iliyasu, ya tsallaka titi zuwa kemis ɗin Khalilu, ya dawo da 'yar kwalba da sirinji a leda.

Sakinatu mace ce ƙarama mai wushirya, ba ta yi arba'in ba. Ta dubi Sabo a bakin ƙofa ta yi murmushi.

"Baba, kai ne mai tsoron allurar?"

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙafafunka. Kai kana kallona, su suna kallon titi."

Ta zaunar da shi a kujerar da fatarta ta yayyage, ta kwantar da bayanta. Daidai nan aka ɗauke wuta. Ko tsaki ba ta yi ba, ta jawo tocila daga aljihun tebur, ta ce tana son mai tsawo mai tsayayyen hannu. Ta miƙa wa Iliyasu. Hure kuma aka ce ta jira a waje don ɗakin ba fili. Ta fita ta zagaya ta tsaya a taga.

Ta tagar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Sakinatu ta sa kwalbar a tafin hannu tana murzawa kamar mai kaɗa miya, ta ce magani mai sanyi ya fi cizo, sai an ɗumama shi. Ta juya baya ta zuƙa a sirinji, ta riƙe shi ƙasa da haɓar Sabo inda idonsa ba zai kai ba. Ta goga masa auduga mai ƙanshin kanumfari a dasashi, ta jira. Ta ce ya riƙa numfashi ta hanci yana motsa babban yatsan ƙafa. Sannan ta kama kuncinsa da yatsu biyu tana jijjigawa kamar mai yi wa jariri wasa, tana tambayarsa gero ya shuka bana ko maiwa, da wane iri, kuma gaskiya ne wai tsuntsaye sun fi son gonar da ke kusa da kuka. Sabo yana ba ta amsa da baki a buɗe, ba mai gane abin da yake cewa, ita kuwa tana ta cewa haba, ashe. Babban yatsanta yana tura maganin sannu sannu, har Hure ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai kafin sirinjin ya ƙare.

"To, an gama."

"Me aka gama?"

Ta nuna masa sirinjin ba komai a ciki. Sabo ya dube shi, ya dube ta, ya shafa kunci. Hure ta ga fuskar nan da ta kwana goma a ɗaure ta saki, har ya yi wata 'yar dariya irin ta yaron da aka yi wa dabo.

Sakinatu ta ce a ɗan jira. Leɓensa zai yi nauyi kamar ba nasa ba, rabin harshensa ma haka, in ya ji hakan magani ya kama. Ta fita ta duba mutanen benci, ta dawo tana wanke hannu.

"Yaya, Baba?"

"Da sauƙi."

Tun ba ta rufe baki ba ya faɗa. Hure ta riƙe ƙarfen tagar.

"Ba gaisuwa nake yi ba fa, Baba. Leɓen ya yi nauyi?"

Sabo ya ɗaga ido. Iliyasu yana tsaye a kansa da tocila, mutumin da ya ba wa 'yarsa, wanda Sabo bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ko hamma a gabansa ba. Ya mayar da ido kan matar da ta gama lallashinsa kamar ɗanta, ta yi masa alkawari ta cika.

"Da sauƙi, Likita."

Ta ɗauki wani ƙarfe mai tsini ta taɓa dasashin. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ta ce to madalla, in ya ji zafi ya ɗaga hannun hagu, tunda ita tana dama.

Hure ta san ba zai ɗaga ba. Sabo bai taɓa miƙa wa babba ko yaro hannun hagu ba, balle ya ɗaga shi a fuskar wadda ta yi masa alheri. Maganar ta zo mata har leɓe. Amma ta yaya mace za ta leƙo ta taga ta ce mijinta ƙarya yake yi, a gaban surukinsa, benci cike da mutane? Ta ce wa ranta wataƙila ita ce ba ta ji daidai ba.

Filaya ta shiga. Sakinatu ta kama haƙorin tana lanƙwasa shi gaba da baya, yana wata ƙara ƙasa-ƙasa irin ta saiwa a busasshiyar ƙasa. Sabo bai yi ko tari ba. Amma Hure tana ganin ƙafafunsa. Dugadugansa suka kafe a ƙarfen kujera, takalmin roba ya zame ya faɗi, ɗayan ma ya bi shi. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyar guga. Hannun hagun yana nan manne da cinya, ya damƙe wando har yadin ya fara yagewa. Hasken tocilar ya soma rawa. Sai aka ji ƙas.

"Likita, yana ji. Wallahi komai yana ji."

Muryar Hure ce, ba ta san sanda ta fito ba. Sakinatu ta janye hannu. Kan haƙorin ne a bakin filayar, baƙi, a fashe, saiwar tana ciki. Ta sunkuya ta dubi Sabo, ta ga hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne. Ta juya ta ɗauki kwalbar, ta ɗiga sauran abin da ke ciki a harshenta, ta tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ta sake ɗigawa.

"Na gaskiya ɗaci gare shi, nan take yake kashe harshe," ta ce, ba da kowa take ba. "Wannan ruwan gishiri ne."

Ta zauna a kan kujerar katako, kwalbar a hannunta, ta dubi kujerar da Sabo yake kai.

"Allah kaɗai ya san mutum nawa suka ce mini da sauƙi a nan."

Daga baya ta yi ta roƙonsa. Ta ce dole saiwar ta fita, don kumburin ya kama hanyar wuya. Ya dawo ranar Alhamis, ita da kanta za ta shiga birni ta nemo na gaskiya, za ta ɗanɗana a gabansa. Ta rubuta kafso a takarda a sha kafin nan. Ta kira Hure ta nuna mata yadda za ta riƙa gwada bakinsa da yatsu, in ya ƙi karɓar biyu a tsaye kada a jira Alhamis, a wuce babban asibiti da shi.

Sabo ya laluba takalmansa da ƙafa ya sa. Auduga a bakinsa, maganar tana fitowa da ƙyar.

"Allurar dai ban ji ta ba. Kin cika alkawari. Allah ya yi miki albarka."

Ya fita ta gaban mutanen benci a miƙe, hularsa daidai. Iliyasu ya ajiye tocilar a kan tebur bai kashe ba, ya bi shi yana kallon ƙasa.

* * *

Hure ta tsallaka titi da kwalbar a ƙulle a bakin zane. Khalilu mutum ne mai fara'a, ya ce Inna sannu da zuwa, ya jawo mata benci. Ta ajiye kwalbar a gabansa ta faɗi abin da Likita ta ce. Ya yi salati, ya juya kwalbar, ya ɗauko 'yar'uwarta daga kwali ya jera su, ya nuna mata rubutu iri ɗaya, murfi iri ɗaya. Ya ce shi ma haka ake kawo masa daga birni, kwali a rufe, wanda ya kawo masa shi ma kawo masa aka yi. Ya ce shi ba ya ɗanɗana allura, in ya ce zai ɗanɗana duk abin da ke shagon nan ai da tuni an binne shi.

Tana kallonsa ta kasa gane ko ya sani ko bai sani ba. Fuskarsa ba ta faɗi komai ba.

Sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardar da ke hannunta, ya karanta, ya zuba kafso ja da rawaya a 'yar leda. Babu wani kemis daga nan sai an yi tafiya mai nisa. Hure ta ɗaga ledar a rana tana kallon ƙwayoyin, kyawawa da su, suna ƙyalli. Ta karɓa.

* * *

Ranar Alhamis Iliyasu ya zo da babur tun rana ba ta yi zafi ba, ya tsaya a ƙofar zaure ya kasa yin sallama da ƙarfi. Sabo ba ya gidan. Hure ta same shi a tsakiyar gona, ya naɗe muƙamuƙi da rawani, yana sare gero kamar wanda ake bi a baya. Ta tsaya a kunya ɗaya da shi ta ce babur na jira.

"Kin ce in je, na je."

"Ruwa ne aka sa maka, Malam. Yau na gaskiya za ta kawo."

"Ita na yarda da ita." Ya sare kara ya kwantar. "Kwalbar ce ban sani ba."

Hure ta ce ai Likita za ta ɗanɗana. Ya ce wancan ma da rubutu a jikinsa. Ya juya ya kama wata kunyar, karan gero suna rufe shi. Ta daɗe a tsaye tana jin saran yana nisa.

Kafson ya ƙare, kumburin bai san an sha ba. Ranar Asabar Sabo bai fita gona ba. Ya zauna a inuwar rumbu, jikinsa zafi kamar tanda, wuyansa ya haɗe da haɓa. Basiru ya zo ya zauna a kan turmi, bai yi wasa ko ɗaya ba, ya yi ta zana ƙasa da sanda. Hure ta durƙusa ta ce ya buɗe baki, ya buɗe mata ba gardama. Yatsu biyu suka ƙi shiga. Ta gwada ɗaya, ya shiga da ƙyar. Ta aika gidan Iliyasu, aka ce tun jiya yana gidan mai a kan layi, ba a san sanda zai samu ba. Ta fita bakin hanya ta duba gabas ta duba yamma, ta dawo, ta sake fita.

Da la'asar ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta kawo. Cokalin katakon ya daki haƙoransa ya tsaya, kunun ya bi gemu ya sauka a riga. Ta goge masa da gefen zane. Ta tashi ta je wajen dutsen niƙa, ta zuba ɗan ruwa, ta kwantar da bakin cokalin tana gogawa. In ta goga kaɗan sai ta haɗe haƙoranta ta gwada a bakinta, ta ga bai yi ba, ta mayar kan dutsen.